Bangon Kifaye na Bakin Kogi

Shekarun baya, shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya shanye gonakin shinkafa har muka riƙa zuwa gaisuwa a kwalekwale, aka sayar da wani tsohon gidan cin abinci da ke bakin ruwa. Ginin ƙasa ne. Maigidana, wanda ya koya mini gini, shi ya ƙawata bangayensa huɗu da zanen rayuwar masunta, ya fito da shi ɓaro-ɓaro da laka. Ni na kwaɓa masa ƙasar ina saurayi. Allah ya jiƙansa.

Wanda ya saya matashin Alhaji ne, ɗan garin nan da ya daɗe a Kano. Ya zo da injiniyansa, suka ce za su kare zanen daga ruwa. Sai suka shafe bangon gabas da siminti, tun da can ruwan sama yake duka. Su ba su san ƙasarmu tana shan damshi daga ƙasa ba, kuma bangon laka numfashi yake yi. Siminti ya toshe shi. Damina ba ta yi nisa ba ya ɓamɓaro gaba ɗaya, ya tafi da zanen.

A nan ne aka tuna da ni. Na tarar injiniya yana cewa a rushe sauran ukun, a yi ginin bulo a sa tayil. Ya miƙo mini takardar tsarin, na karɓa ina gyaɗa kai kamar alƙali. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

"Baba, ai a kife ka riƙe ta," in ji shi.

Na ce, "To ɗana, kai da ka riƙe ta daidai, ina bangonka?"

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya lafa na tambaye shi, me ya sa ya sayi tsohon gini alhali ga filaye nan birjik? Ya ce, "Baba, tayil ko a Kano ya ishe ni kallo. Nan mahaifina yake kawo ni cin farfesun tarwaɗa ranar kasuwa, ina taɓa kifayen bangon nan yana kwaɓe mini hannu. Kuma baƙin da ke zuwa kallon tsuntsaye a Baturiya irin wannan suke nema. Amma idan zai faɗo wa mutane a kai, gara na rushe."

Na ce ya ba ni rani ɗaya da damina ɗaya. Idan bango ya tsage, ni zan fara sa masa diga.

Na sa aka tara mini ɓawon ɗorawa buhu-buhu, aka daka, na jiƙa shi ya tsumu ya zama makuba. Da ita na yi yaɓe, da tafin hannu, ina bin kowace ƙaya ta kifi da ɗan yatsa. Bango ɗaya sai ya ci mini mako uku. Injiniya kullum ya zo sai ya toshe hanci ya ce, "Baba, miyar taka ba ta nuna ba?" Ni kuwa in ce masa ya dawo bayan ruwa ya sha romo.

Damina ta zo da ƙarfinta. Kowace safiya sai na je na shafa bangayen, ina neman tsaga. Har aka yanke shinkafa ko tsaga babu. Injiniya da kansa ya zo ya ƙwanƙwasa, ya cire hula ya sosa kai, ya ce in koya masa jiƙon.

Yau idan na wuce na ga mutane suna ɗaukar hoto a jikin aikin, nakan rage tafiya. Na gane sabon mai gida ba ƙin tsohon abu yake yi ba, wanda zai nuna masa yadda ake riƙe shi yake rasawa. Alhaji ya so in sake zana na gabas, na ƙi, domin hannun maigidana ba nawa ba ne. Na yaɓe shi sumul na bar shi.

Bango uku na ceto. Abin da ya tafi da na gabas kuwa, na san shi da ka: karfasa bakwai, giwan ruwa ɗaya, zalɓe biyu, da kwalekwale guda mai masunta uku a ciki.