Safiyar Da Aka Sayar Da Ɗan Wasanmu

Akwai wata safiyar Talata ta ƙarshen watan Yuli, a shekarata ta uku a Doha, wadda ko tsufa ya share mini duk abin da na gani a ƙasar, ita dai ba na jin za ta goge. Ba wani babban abu ne ya faru a duniya ranar ba. Wata ƙungiyar wasa ce can Amurka ta sayar da ɗan wasanta, ni kuma ina zaune bayan teburin gadi ina kallo a waya.

Gadi nake yi a wani dogon benen haya a unguwar Al-Sadd. Motar kamfani takan sauke ni da asuba, in yi salla a ɗan ɗakinmu na bayan lif, in zauna a teburi har yamma. Ginin cike yake da mutane, amma waɗanda suka taɓa tambayata daga ina nake ba su kai biyar ba. A masauki mu shida ne a ɗaki, ni kaɗai ne Bahaushe. Sai in yi kwana uku bakina bai furta Hausa ba, sai in na kira mahaifiyata a Malumfashi.

A hawa na tara akwai wani dattijo ɗan Venezuela, injiniya a wani kamfanin gas. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana can ƙasarsu. Kullum ƙarfe biyar na safe zai sauko da gajeren wando da wata hula da ta koɗe, da kwamfutar hannu da kofin gahawa, ya zauna a kujerar baƙi kusa da teburina yana kallo yana surutu shi kaɗai. Da farko na ɗauka intanet ɗin ƙasa ne ya fi ƙarfi. Sai daga baya na gane shirun ɗakinsa yake gudu.

Wata rana ya buga wani ihu har na zabura na miƙe.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya yafito ni da hannu biyu. "Zo ka gani, zo!"

Na leƙa, na ga mutane tsaye warwatse a kan ciyawa, ɗaya riƙe da kulki. Na ce masa wannan wane irin wasa ne, kowa a tsaye kamar masu jiran mota? Ya yi dariya har gahawa ta zube masa a wando. Ya ce besbol ke nan, kuma zai koya mini ko ina so ko ba na so.

Turancinsa karyayye, nawa ma haka. Muka haɗa da ɗan Larabcin kasuwa da nuni da hannu. Ya ɗauki murafen gorar ruwa huɗu ya jera a teburina, ya ce tashoshi ke nan. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai kulki ya buga ya ruga, in ya zagaye tashoshin ya dawo inda ya tashi, an ci ɗaya. Wurin da ake tashi a dawo ɗin, gida suke kiransa. Ni da na tashi a gidan kallon ƙwallon ƙafa, sai da na yi wata guda kafin na daina jin barci. Amma da wasan ya shige ni, ya shige ni sosai.

Ƙungiyar Baba tana wani gari ne a bakin teku a yammacin Amurka, shi ya sa wasansu na yamma yake zuwa mana da safe. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa filinsu, shi da matarsa, amma ya ba ni labarin filin ya fi sau talatin: ƙanshin ciyawar da aka yanke, sanyin da ke tasowa daga ruwa, tsuntsayen teku da ke taruwa in wasa ya kusa ƙarewa suna jiran ragowar abinci. Har na san inda suka zauna. In kyamara ta haska wajen sai ya ɗora yatsa a gilashi ya ce, "Nan." Ni kuma ina cikin wani gari da ko tsakar safiya iska kamar tururin tukunya, sai in ji kamar na taɓa zama a can.

Ɗan wasan da muka fi so shi ne mai cafka, wanda ke tsugunne bayan mai kulki, fuskarsa rufe da ƙarfe. Ɗan garin su Baba ne, ya daɗe a ƙungiyar har furfura ta fara fito masa a gemu. Ba shi da gudu, bugunsa ma ya ja baya, amma shi ke gaya wa mai jifa irin jifan da zai yi, kuma in wani ya rugo zai ci, shi ke tare gida da jikinsa. Baba ya ce mini, "Wannan abokin aikinka ne. Yini yake a wuri guda, ba mai ganin fuskarsa, gida yake gadi." Tun daga ranar na riƙe shi.

Abu ɗaya ke ɓata wa Baba rai, shi ne ƙarshen Yuli, lokacin musayar 'yan wasa. Ya ce a wasan nan sau da yawa ba a shawara da kai, kira kawai za a yi a ce tattara kayanka, gobe kana wani gari da wata riga. Wannan kam ban buƙaci dogon bayani ba. Na sha ganin an tashi abokin aiki da safe an ce daga yau garin Lusail za ka, khalas, magana ta ƙare.

To ranar Talatar nan biyar ta yi Baba bai sauko ba. Ranar Litinin da yamma ya ce mini kansa na ciwo, sai na ce barci ne ya ɗauke shi. Da ma ya sa mini manhajar kallon a wayata, na kunna ni kaɗai.

Ana tsakiyar wasa, wajen shida da kwata, sai na ga wani yaro sabo ya fito ya tsugunna a wurin mutuminmu. Na ce ko rauni ya ji? Kyamara ta koma rumfar 'yan wasa. Ga mutuminmu can ya cire ƙarfen fuska, yana bin abokansa ɗaya bayan ɗaya yana rungumewa. Masu sharhi suka ce an sayar da shi, an karɓi wasu matasa biyu a madadinsa. 'Yan kallo suka miƙe suna tafi. Ya leƙo waje, ya ɗaga hannu sau ɗaya, ya ɗauki jakarsa ya bi wata ƙofa ya ɓace. Aka ci gaba da wasa kamar ba a yi komai ba.

Na ajiye wayar a teburi. Na duba hagu na duba dama, ba kowa sai ƙarar na'urar sanyi. Duk Doha mutum ɗaya ne zai gane abin da nake ji, kuma yana hawa na tara. Na ɗauki wayar cikin gida na kira ɗakinsa. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira wayar hannunsa, shiru. A nan na gane ba lafiya ba, domin mutumin da ke tashi huɗu da rabi ko ranar hutu ba zai kai wannan lokaci yana barci ba.

Doka ta hana ni barin teburi, amma na hau. Na ƙwanƙwasa, na kira, "Baba! Baba!" Na kara kunne a ƙofa. Can ciki na ji wani ɗan sauti, ƙwas, sai shiru, sai kuma ƙwas, kamar ana buga kofi a ƙasa.

Na kira shugaban masu gadi, wanda ba ya isowa sai bakwai. Ya ce, "Kada ka kuskura ka taɓa akwatin makullai. Ka buɗe ɗakin mutum ba izini, wani abu ya ɓace, jirgi za a sa ka a mayar da kai ƙasarku. Jira ni."

Na tsaya a gaban lif. Na tuna mahaifiyata da ƙannena da ke dogara da aikin nan. Ba zan yi ƙarya in ce ban yi tunanin jira ba, na yi. Sai na sake jin ƙwas ɗin nan. Na sauka a guje, na kira motar asibiti, na buɗe akwatin na zaro makulli.

A ƙasan kicin na same shi, kwance a gefe, bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Da na hagun yake buga kofin. Hularsa na kansa, kwamfutar na kan teburi. Ashe ya gama shiri zai sauko abin ya same shi. Na zauna a ƙasa na tallafe kansa, ina ta ce masa, "Ga ni, Baba, ga ni," da Hausa, ban ma san da Hausa nake yi ba. Idonsa na kaina har masu motar suka shigo.

Ranar Juma'a, ranar hutuna, na hau bas na je asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta ji ina amsa waya da Hausa a baranda, ta tsaya. 'Yar Kafanchan ce. Ta ce, "Malam, kai ne mai gadin da ya kawo shi? Sannu da ƙoƙari. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban." Ta rage murya ta ce tun da aka kwantar da shi ba wanda ya leƙo sai wani daga ofishinsu da takardu.

Na shiga. Ya rame cikin kwana uku. Da ƙyar harshensa ke juyawa, sai da na sunkuya na ji abin da yake cewa.

"Mun ci?"

"An cinye mu, Baba." Sai na ƙara da cewa, "Kuma sun sayar da mutuminmu. Ana cikin wasa suka cire shi."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya ya shiga kunnensa. Na ba shi labarin duka, rungumar da tafin da jakar, yadda da shi ne ya gani zai ba ni. Don in sa shi dariya na ce, "To yanzu wa za mu bi, shi ko ƙungiya?"

Ya ɗaga yatsu biyu na hannun hagu. "Duka," in ji shi. Rabin bakinsa ya yi murmushi.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Da na koma Juma'a ta gaba, gadon da wani a kai. 'Yar Kafanchan ta ce 'yarsa ta zo, an tafi da shi gida. Lambarsa ta Doha ta daina shiga, wata kuma ban da ita. Ni aka ba ni takardar gargaɗi saboda makulli, bayan sati biyu aka mayar da ni gadin wani gini da ake kan ginawa a Lusail. Ko saboda makullin ne ko a'a, har yau ban sani ba.

A can na ƙarasa kakar wasan, cikin wata 'yar bukkar ƙarfe, ina bin ƙungiyoyi biyu ni kaɗai. In an yi bugu mai kyau sai in juya zan yi magana, in tarar ba kowa. Mutuminmu ya yi shekara guda a sabon garin ya ajiye wasa. Ban sani ba ko Baba ya gani, ban ma sani ba ko yana raye.

Yanzu na daɗe da dawowa gida, ina cikin dangi, in na yi tari sau biyu sai an tambaye ni lafiya. Amma safiyar nan ta koya mini abin da ban sani ba sai da na yi zaman ƙasar wani: akwai mutane da yawa da za su iya faɗuwa a ɗaki su kwana uku ba wanda ya lura babu su. Ba sai kana da dangantaka da mutum ko yarenku ɗaya za ka zama mai lura da shi ba. Shi ya sa har gobe, in wanda na saba gani a masallaci ko bakin shago bai fito ba, ba na cewa wataƙila barci yake. Tashi nake in je in buga masa ƙofa.