Ɗakin da Ba Ya Jin Sallama

Da na gama ginin gidana a Tarauni, wani ɗaki ya rage kusa da gareji. Maiɗakina ta ce a yi sito, ni na ce ɗakin kallo. Muka yi ta ja har wata biyu, kuma ni na yi nasara, ba don na fi ta hujja ba, sai don na fi ta naci. Tun ina yaro a Gyaɗi-Gyaɗi nake da ciwon kallo, na kuma ci alwashin wata rana sai na zauna gaban allon kaina na miƙe ƙafa. Gemu ya fara furfura amma alwashin yana nan.

Abin da na fi damuwa da shi ƙara ce. Masallacin unguwa yana bayanmu, ba na so a ce gidan wane ya hana mutane sakat. Don haka birkila ya toshe tagogin ɗakin biyu da bulo, ya yi filasta, ya ɗaga dakali a baya saboda layin kujeru na biyu. Kafinta ya bi bango da katako, ya cusa soso a tsakani, ya lulluɓe da yadi mai kauri ruwan toka. Ƙofar kuwa ninki biyu ya yi mata, ya zagaye bakinta da roba, in ka rufe sai ka ji ta tsotse kamar murfin firji. Mai haɗa wuta, wani Bayarabe daga Unguwa Uku da ya fi ni iya baƙar magana da Hausa, ya rataye majigi a silin, ya kafa lasifika biyar, ya saka esi. Yana tattara kayansa ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ɗaki ko rago ka yanka a ciki ba mai ji."

Ranar gwaji na ƙure ƙarar, na tura maiɗakina tsakar gida. Ta dawo ta ce ko ƙus ba ta ji ba. Na yi ta washe baki kamar wanda aka ba kujerar Makka. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa bangon da ya hana ƙara fita zai hana ta shiga.

Akwai wani tsoho da muke kira Baba, aminin mahaifina, tsohon direban babbar mota. Shi ya karɓa mini aure. Tun da mahaifina ya rasu, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan hau adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi ya zo ya duba mu. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce wannan aikin 'yan sanda ne. Ba ya kiran waya, ya ce ba a neman izinin zumunci. Tsayawa yake a bakin get ya yi sallama, a shigo da shi, ya sha kunun aya, ya tambayi karatun yara ɗaya bayan ɗaya, ya tafi kafin la'asar.

Juma'ar farko bayan an gama ɗakin, muna dawowa daga masallaci muka dunguma ciki gaba ɗaya, har da wadda ta so a yi sito, ita ce ma a kujerar gaba. Juma'a ta biyu ma haka. Sabon abu, ga sanyi, ga gyaɗa a faranti. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne ban lura Baba bai shigo ba. Sai a Juma'a ta uku, da na fito sayen lemo, mai shagon da ke kallon gidanmu, wata baiwar Allah 'yar kudu, ta tare ni.

"Oga, tsohon nan naka lafiya? Yau bai zo ba. Sati biyu yana zuwa ya daɗe a tsaye a rana. Na ce ya zo ya zauna, ya ce a'a."

Na juya na dubi gidan. Motata tana ciki, ana hango ta ta ƙasan get. Injin esi yana ta gurnani a jikin bango. Duk mai ido ya san muna gida.

Ban koma ɗakin ba, na fito da mota na wuce Gyaɗi-Gyaɗi. Na same shi a zaure kan buzu yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'ar da ake yi wa baƙo, wadda ta fi zagi ciwo. Na yi bayanin soso da roba da bulo. Ya saurara har na gama.

"Ai ba komai," in ji shi. "Mutum ya girma, yana da harkokinsa."

Na san bai yarda ba. A wurinsa ba a taɓa yin ɗakin da muryar namiji ba ta ratsa shi. Na roƙe shi ya bi ni, ya ce gwiwa, na ce ga mota. Da ƙyar ya tashi.

Da muka iso gida na kai shi ɗakin kallon, na zaunar da shi a kujerar gaba, ban kunna komai ba. Na ce ya saurara, na ja ƙofar, na fita bakin get, na cika ƙirji na kwarara sallama. Na sake, na kuma sakewa, har mai shago ta leƙo, wani mai adaidaita ya rage gudu yana kallona. Da na koma na tarar da shi ya harɗe hannu.

"To, ina jira. Yaushe za ka yi?"

Na ce, "Baba, wallahi har maƙogwarona ya dushe."

Ya dube ni, ya dubi bangon, ya miƙa hannu ya danna yadin da yatsa. Sai dariya ta ƙwace masa, har da tari.

"Kai, ɗan nan! Wato da hankalinka ka gina wa kanka kabari, ka sa masa esi?"

Washegari na kira birkila ya fasa ɗaya daga tagogin da ya toshe, wadda ke fuskantar get. Ya yi ta mita, wai bai taɓa ganin mai gida irina ba, yau toshe gobe buɗe. Kafinta ya yi mata ƙyaure da labule mai duhu. Yanzu haske yana ɗan satar shigowa ta gefe, kukan akuyar maƙwabta yakan faɗo tsakiyar fim, dole kuma na rage ƙarar. Abokaina masu ilimin abin sun ce na ɓata ɗakin. Ni dai ina jin daɗinsa haka, kuma kiran salla ba ya wuce mu.

Juma'ar da ta biyo, Baba ya yi sallama, tun bai rufe baki ba na amsa. Ya shigo, ya zaɓi dakalin baya ya zauna a kan kafet, ya ce kujerun nan suna haɗiye mutum. Na sa masa shirin manyan motoci masu ratsa duwatsu a wata ƙasa, ya yi ta gyara wa direbobin tuƙi, yana faɗa musu inda ya kamata su sauya giya. Yara suna ta dariya. Da la'asar ta gabato na rako shi bakin get. Ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa, yana gyara hula, bai dube ni ba.

"Ka san sallama sau uku ce, in ba a amsa ba mutum ya juya," in ji shi. "Ban taɓa ƙarawa a ƙofar kowa ba. A nan sai da na yi bakwai. Na ce gidan ɗan aminina ne, ba zai yiwu ba."

Idona ya cika. Na riƙe masa hannu muka taka har bakin titi, na tsayar masa da adaidaita.