Ƙarya Ɗaya da Inna Ta Sayar

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Delu mai tuwo ta unguwar Sabo a Ibadan, kuma har yau akwai maganar da ban yi da ita ba.

Tuwon suna ne kawai, labari take sayarwa. Masu rigan garke isowa gari a rumfarta suke sauka, suna ci suna zuba. Kafin kowa ta san shanu nawa ke hanya da ranar shigowarsu. Mahauta Yarbawa kan ajiye sule biyu gefen tukunya, ta ce musu su saya yau ko su jira. Ba ta taɓa kai su ta baro ba.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke. Na tafi arewa sayo shanu, wata biyu ba a ji ɗuriyata ba. Inna ta rame, ko me ta ci ba ya zama.

Wani dillali, ba zan kama sunansa ba don jikokinsa na nan, yana da ramammun shanu da suka ƙi sayuwa. Ya same ta a rumfa.

"Delu, direbana ya ga ɗanki. Ki ce wa mahauta an rufe gadar Jebba, babu shanu sai bayan wata, in gaya miki inda yake."

Ta san garke uku sun riga sun tsallake gadar har sun wuce Ogbomosho. Duk da haka washegari ta faɗi ƙaryar. Dillalin ya cika alkawari: ina Ilorin, zazzaɓi ya kayar da ni, amma da raina. Ta aika aka ɗauko ni.

Mahauta suka kwashe ramammun da ɗan karen tsada. Bayan kwana huɗu kasuwa ta cika da shanu. Baba Lasisi, wanda ya fi kowa asara, ya tsaya bakin rumfar ya ce, "Iya, har ke?" Daga ranar ba wanda ya sake tambayarta komai.

Yau farashi na cikin wayar kowa, ƙarya ma kyauta ake raba ta, mai yinta kuma ya kwana lafiya. Na san da Inna ta gani sai ta riƙe baki, don ita tata guda ɗaya ta cinye mata sana'a da suna.

Ban wanke ta ba, ta cuci mutanen da suka yarda da ita, kuma ta sani. Amma duk shekarun da ta yi tana tuƙa tuwo shiru, ba ta taɓa yi mini gori ba. Ni kuma kunya ta hana ni cewa na gode, har aka kai ta makwancinta.