Ranar da Dabo Ya Sa Aka Yi Masa Lalas

Dabo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a nan Daura. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa kara, wurin cinikin dabbobi, kuma duk kasuwar Mai'adua an san shi da lalas. Jakin da ya gurɗe ko bijimin da ya kumbura, shi ke ɗora masa jan ƙarfe. Bai cika talatin ba ciwon baya ya sa shi gaba. Ya daina zuwa kasuwa, sallah ma sai a zaune, tafiya a karkace kamar tsohuwar ƙofar langalanga. Ni kuwa na laƙaba masa suna Tsoho.

A wani asibiti a Kano aka ɗauki hoto, aka ga ɗan ƙari a ƙashin bayansa, bai fi ƙwayar wake ba. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, za a ƙona shi da zafi, ya dawo bayan mako uku.

Duk bayanin nan, Dabo kalma ɗaya ya riƙo: ƙonawa.

Ran wata Laraba da hantsi na jiyo matarsa Ikilima tana salati da ƙarfi. Na faɗa gidan ko sallama babu. Ƙauri ne ya fara tarye ni. Ga Dabo rub da ciki a tabarma ya ciji rawani, ga yayansa Nagoggo a tsaye, ƙarfe na hayaƙi a hannunsa.

"Innalillahi! Nagoggo, ƙaninka ka gasa?"

"Shi ya matsa mini! Wai abin da likita zai yi ke nan, don me sai an je Kano?"

Dabo ya tofar da rawanin yana nishi. "Sana'ata ce fa, Malam Jafaru. Ni na nuna masa wurin."

"To Tsoho, saura yaji da albasa."

Wallahi bakina ne dai bai iya shiru ba. Ikilima ta jefe ni da murfin kwano.

Ni na raka shi Kano. Likita ya ɗaga rigar, ya fita ya kirawo wani likitan shi ma ya zo ya gani. Ashe ƙonawar da likita ke nufi da allura ce siririya, ana kallon hoto ana tura ta har cikin ƙashi, bakinta kaɗai ke ɗaukar zafi, ana kaffa-kaffa da laka. Ƙarfen Nagoggo fata kawai ya ci, ƙarin yana nan daram. Kuma ba a huda ta kan gyambo, sai ya warke. Wata biyu cur Dabo ya ƙara a karkace, yana kwanan rub da ciki.

Da aka zo aka yi aikin, washegari aka sallamo shi da ɗan filasta. Ikilima ta rantse ba a yi komai ba, an dai rarrashe shi ne. Ba ta yarda ba sai wata Lahadi da safe, da ta leƙo ta gan shi ya kama bayan motar Mai'adua, ya haye da tsalle ɗaya.