Kifin da Ya Kusa Raba Ni da Surukata

Shekarun baya an so a mayar mini da suruka gidan iyayenta saboda kifi. Kifi guda, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Dangin mijina ne suka shirya wannan aiki, kuma suna nan da ransu. In wani zai karanta musu rubutun nan, ya karanta da ƙarfi, don ban ƙara ko kalma ba.

Ɗana na fari ne ya sayo kifin a Kano. A cikin leda ya ɗauro shi, ya sha mota, ya sha kabu-kabu, har ƙauyenmu nan ƙasar Dungas. Da ya juye shi cikin wata babbar kwalbar alawa, na leƙa na ga wani abu fari-fari kamar toka, ya lafe a ƙasa ya naɗe wutsiya.

Na ce, "Kai, wannan ko romo ba zai yi ba."

Ya ce, "Inna, ba na ci ba ne, na kallo ne. Kifin faɗa ake ce masa. Namiji ne, shi kaɗai yake zama, in an haɗa shi da ɗan'uwansa sai sun kashe juna."

Na ce, "Ashe danginku ne."

Bai daɗe ba ya tafi arewa haƙar zinariya, can inda sai an hau tudu ake samun rezo, wato layin waya. Ya bar amaryarsa da kifin a hannuna. Yarinyar 'yar Mallawa ce, ba ta cika shekara a gidan ba, magana ma sai an matsa mata. Ita ta ɗauki hidimar kifin kamar jinjiri. Ta ɗebo ruwan famfo ta bar shi ya kwana kafin ta zuba masa, ta ba shi 'yan ƙwayoyin abincinsa, wani lokaci ta tsamo masa tsutsar sauro daga tsohuwar randa. Takan kuma jefa busasshen ganye ya yi ta yawo a saman ruwan, wai mijinta ya ce haka ya ga mai sayarwa yana yi.

A hankali kifin nan ya sake. Tokar ta tafi, jikinsa ya yi ja, jan ya yi duhu, bakin wutsiyarsa ya yi shuɗi kamar an tsoma a marina. In ya baje ta sai ka ce mayafin biki. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo. Ni kaina da na raina shi, sai na ƙirƙiro abin nema a ɗakin don in leƙa.

Daga nan sai kumfa ta fara fitowa. 'Yan ƙananan ƙwayoyi, sun taru a gefen ganyen, farare, manne da juna.

Ƙanwar mijina ce ta fara kallon abin da idon zargi. Tun rasuwar yayanta take ganin gidan nan ba ya tafiya sai da bakinta. Ta fito daga ɗakin yarinyar tana tafa hannu.

"Matar yaya, zo ki ga abin da ake yi a gidanki kina zaune."

Na shiga na duba. Na ce, "Ko sabulu ne ya taɓa ruwan?"

Ta sunkuya ta shinshina. "Sabulu ba ƙamshi? Wannan tofi ne. Ga yawu, ga ganye, ga kifi ya koma jini. Yadda ta juya halittar nan haka take juya zuciyar ɗanki. Ke ba ki lura ba? In ya samu rezo, wa yake fara kira, ke ko ita?"

Wannan ta ƙarshe ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Gaskiya ne ita yake fara kira. Na kuwa manta cewa ubansa ma da yake ci-rani, ni yake fara aiko wa da gaisuwa, ba uwarsa ba.

Na tambayi yarinyar. Ta durƙusa tana kuka. "Inna, wallahi ban san daga ina take zuwa ba. Kullum sai na kwashe ta da cokali, in na waiwaya ta dawo."

Ƙanwar mijina ta ce, "Kin ji! Ɓoyewa take yi."

Kafin a ce me, zance ya kai famfo, ya kai injin niƙa. Matan da ke shigowa kallo suka ɗauke ƙafa. Wata ta hana 'yarta karɓar tuwo daga hannun surukata. Sai ga wan mijina, wanda shi ne babban gida, ya aiko a kira mu zaure. Ya ce ya yi shawara, yarinya ta je gida ta huta har mijinta ya dawo. Ran kasuwar Guci akwai mota, sai a sa ta ciki.

Ku da kuke mata kun san irin wannan hutu. Wadda ta tafi da sunan mai asiri ba ta dawowa, kuma can ma sunan zai riga ta isa.

Ya dube ni ya ce, "Ke na san ba ki da ta cewa, sha'anin ɗan fari ne."

Haka al'adarmu take. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tsoma baki a zancensa, ko zaluntarsa ake yi sai ta kau da kai. A kan wannan kunyar suka gina shirinsu.

Na ce, "Yaya, kunyar ɗan fari na yi ta, tun da na haife shi sunansa bai fito daga bakina ba. Amma yarinyar nan ba ni na haife ta ba. 'Yar mutane ce aka ba mu amana, ba na jin kunyarta. A ba ni kifin. Zan sa shi a ɗakina in buga kwaɗo, mabuɗi a bakin zanena. Ba za ta taka ƙofar ba. In kumfa ta daina, ni zan raka ta mota. In ta dawo, to sai a nemo wanda za a kora."

Ba daga kaina na samo wannan dabara ba. Ni ban ga ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, sai da na aurar da 'ya'ya, karatun manya na shiga ina fama da fensir kamar mai riƙe taɓarya. Wata rana malamarmu ta shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya ƙarƙashin ƙwarya, ta ce in kina son sanin abin da ke sa abu, cire guda ki bar sauran, ki ga me zai faru. Lissafi da yawa ya tsere mini, wannan dai ya zauna.

Wan mijina ya ce, "Zuwa ran kasuwa."

Na ɗauko kwalba da zafina. Na kife kifin a ƙwarya, na dirje kwalbar kamar tukunyar tuwo, na cika ta da ruwan randa mai sanyi, na mayar da shi. Ai kuwa kafin la'asar ya kwashe kayansa. Jan ya gudu, ya koma fari da wasu layuka a jiki, ya lafe a ƙasa kamar ranar da ya zo.

Ƙanwar mijina ta leƙo ta taga, saura kaɗan ta rangaɗa guɗa. "Ba na faɗa ba? Ya bar hannunta, asiri ya karye!"

Na zauna bakin gado ina duban kifin nan, ina cewa a raina, ni da bakina na ce zan raka ta mota.

Sai na ji murya ƙasa-ƙasa daga bayan zana. "Inna, ruwan randa ya yi masa sanyi. Ki bar na famfo ya kwana. Kuma kada ki riƙa girgiza shi, yana jin tsoro."

Ita da ake shirin kora, kifin take tausayi.

Na yi yadda ta ce, amma da hannuna. Ni na ɗebo ruwa, ni na tsinto busasshen ganye a gindin mangwaro, a gaban mutane don kada a ce. Kwana ya bi kwana, jan ya fara dawowa daga wutsiya. Kumfa dai shiru. Kasuwa na matsowa. Yarinyar ta ɗaure kayanta ta jingine bayan ƙofa, ta rame, ko tuwo ba ta iya haɗiya.

Ana gobe kasuwa, bayan azahar, ina zaune ina ɓarar gyaɗa kusa da kwalbar, sai na ga ya taso sama. Ya fito da baki ya ɗebi iska, ya koma ƙarƙashin ganyen, ya tofa 'yar ƙwaya guda. Ta manne. Ya sake tasowa, ya sake ɗiba, ya sake tofawa. Yana yi yana zagayawa yana duba aikinsa, kamar magini.

Na watsar da gyaɗa na fita da takalmi ƙafa ɗaya. Na jawo wan mijina daga zaure, na aika a kira ƙanwarsa, na shimfiɗa musu tabarma a gaban kwalba. Shi kuwa kifin, ganin taro, sai ya ƙi. Ya tsaya yana hura kunci yana hararar mu.

Wan mijina ya ce, "Yau ni da furfurata aka zaunar gadin kifi."

Na ce, "Yaya, yi haƙuri, ka rage motsi."

Muka yi tsit. Can ya saki jiki, ya taso, ya ɗebi iska, ya tofa. Ya ƙara. Ya ƙara.

Ƙanwar mijina ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To ai ita ta koya masa."

Dattijon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "A kwance kayan yarinya."

Na fita na same ta tsaye bayan zana. Na faɗa mata. Nan take ta zauna a ƙasa. Ni ma na zauna kusa da ita.

Sai daga baya, da ɗana ya samu rezo, muka ji sauran bayani. Mai sayarwa ya gaya masa namijin ne ke yin kumfar, sheƙa ce yake ginawa don ƙwai, kuma yakan yi ta in ya ji daɗin wuri. Launin kuwa tsoro da sanyi da wahalar hanya ke kore shi, in ya natsu ya dawo. Wato duk rigimar nan, gwauro ne ke gina ɗaki ba amarya. Abin da aka kira asiri, kyakkyawan riƙo ne.

Kifin ya yi zamaninsa ya mutu. Surukata tana nan, 'ya'yanta ne ke cinye mini cajin salula. Amma har yau in na tuna, sai na sauke ajiyar zuciya. Da ya mutu a ruwan randata fa? Da ya yi nawa bai gina ba sai bayan kasuwa? Auren yarinya da mutuncinta sun rataya a bakin halittar da ba ta ma san ana yi ba. Na gode wa Allah da ya sa kifin ya tofa a kan lokaci, amma ban yarda a ce haka ya kamata a yi wa 'yar mutane shari'a ba.

Shi ya sa ban bar zancen a ɗakina ba. Washegarin ranar da kifin ya tofa, da safe, lokacin da mata suka fi cika famfo, na kama hannun surukata, na biya na tsaya ƙofar ƙanwar mijina.

Na ce, "Ɗauko mayafinki. A famfo kika faɗa, a famfo za ki janye."

Ta yi ta noƙewa, na ce ba inda za ni, in ta ga dama mu wuni a nan. Ta fito. Muka isa, mata suka ajiye bokitai. Ta dubi ƙasa, ta ce da yarinyar ta yafe mata, murya kamar ta sauro.

Na ce, "Kunnena ya tsufa, ban ji ba. Ɗaga murya, na bayan layi ma su ji."