Mijin Yaya da Man Giwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran mijin yayata a babbar hanya, a ƙarshen doguwar gangaren nan da ke kafin gada. Shi kaɗai ne a cikin motar. Yana kan hanyarsa ce ta zuwa asibiti ya ɗauko matarsa.

Mijin Yaya, da wannan suna nake kiranka tun ina ɗan makaranta, har furfura ta fito mini ban sauya ba. Kai kuma Sarkin Gaggawa kake ce mini, don ka ce ban taɓa zama na shanye shayina a gidanka ba. Wasan da ke tsakanin miji da ƙanin mata mun yi shi har ya wuce misali. Yau na ɗauki alƙalami in yi maka magana ba da wasa ba, kuma ban san ta inda zan fara ba, sai ta motar, tunda ita mutane suka fi saninka da ita, ita ce kuma suka fi yi maka mummunar fahimta a kanta.

Lokacin da ƙodar Yaya ta gaza, likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako, na'urar kuwa babu ita sai a babban asibitin birni, tafiya mai nisa daga garinmu. Da 'yar ƙaramar motarka kuka fara. Kowane rami a hanya sai Yaya ta ji shi a ƙugunta, ta iso gida tana amai, ta kwana tana nishi. Ba ka yi shawara da kowa ba, ka sayar da filin da kake tanadin ginawa, ka sayo wata ƙatuwar baƙar mota ta hannu, irin ta manyan mutane, mai silinda takwas da kujerun fata. Unguwa ta ɗauka. Aka ce mai shagon kayan gini ya tsufa da son a sani, matarsa na kwance shi yana faɗin rai. Ni ma na zo na zagaya ta, na ce, "Mijin Yaya, ka sayo giwa, ina dajin da za ka yi kiwonta?"

Sai ka buɗe mini ƙofar baya. Ka bi da ni ta layin nan na bayan kasuwa wanda ko mai keke yake kauce masa. Da muka fita ka dube ni ta madubi.

"Ka ji rami?"

"Ban ji ba."

"To, yayarka ma ba za ta ji ba."

Daga ranar sunan motar ya zama Giwa, ni kuma na kama bakina.

Amma giwa giwa ce, cikinta ba ya ƙarya. A cikin gari tana shan mai kamar an huda tankin. Shi ya sa ba ka taɓa zuwa shago da ita ba, a ƙafa kake tafiya ko ka hau motar haya, ita tana gida a lulluɓe. Babbar hanya ce kawai wurinta, kuma a can ka gano halinta. Ka ce in aka bar ta a babbar giya, da gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, sai ta kwantar da hankali ta riƙa kurɓa maimakon kwankwaɗa. Ka mai da wannan abu sana'a ta biyu. Ba ka tashi sai ka duba iskar taya huɗun nan da hannunka. Ka kwashe duk tarkacen da ke but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota, ka ce nauyin banza mai ne. Gilashi a rufe, don kada iska ta riƙe ta. Ƙafarka a kan totur kamar mai taka ƙwai. Allurar gudu tana kan tamanin, ko hanya ta zama fayau babu kowa. Idonka kuma yana can nesa, kana rage gudu tun kafin a kai ga cunkoso, domin a cewarka duk birkin da mutum ya taka, man da ya saya ne ya zubar a ƙasa.

Na bi ku sau da yawa, kuma na sha kunya. Motar da aka ƙera don ta wuce kowa, sai ga tirelar yashi tana wuce ta. Wata rana wani matashi a wata 'yar ƙwarya-ƙwaryar mota ya dame mu da hon, da ya zo daidai mu ya leƙo ya ce, "Baba, in ta fi ƙarfinka ka ba mu aro mana!" Ka ɗaga masa hannu kana murmushi. Yaya na baya tana barci, kanta a kan matashinta, ba ta ma san an yi ba. Na ce maka sannu-sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ka ce, "Daɗewar ita nake so, ai barci take."

Abu ɗaya ne ba ka taɓa yi wa tsumulmula ba, na'urar sanyaya mota in Yaya na ciki. Tun tana ɗaki tana ɗaura ɗankwali kake kunnawa, don ta tarar da kujera da sanyi. In kai kaɗai ne kuwa sai ka kashe, ga gilashi a rufe, ka iso rigarka sharkaf kamar wanda ruwa ya doka. Akwai kuma wani dattijo makaho da ke wankin ƙoda rana ɗaya da ita, wanda jikarsa ke tsayar masa da mota a bakin hanya. Tunda ka gane shi ba ka sake wuce shi ba. Na tuna maka da maganarka ta nauyi, ka ce nauyin banza ka ce, ba nauyin mutum ba. A ranar jana'izarka an jawo shi har gida, ya zauna a bakin ƙofa yana ta tambayar wa zai gaya masa gaskiya.

Mai ya yi ta tsada, kasuwar kayan gini kuma ta yi ta ja da baya. Mun gani a jikinka, rigunanka suka yi maka yawa. 'Yan uwa suka ce ka sayar da Giwa ka sayi madaidaiciya, ka ƙi. Na taɓa tare ka a gidan mai zan cika maka tanki, ka riƙe hannuna ka ce, "Matata ce, ba a yi mini karo-karo a kanta. Je ka saya wa yaranka takalma." Na yi fushi, na ce girman kai ne. Har yanzu ina ganin akwai girman kai a ciki, Mijin Yaya, kuma ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba don ka mutu.

Ranar Talata, jajiberin rasuwarka, bayan an gama yi wa Yaya wankin, jininta ya sauka, likita ya ce ta kwana. Ka dawo gida ka ɗauko mata kayan sawa da magungunanta. Da safe ka tsaya gidan mai ka cika tanki, ka kama hanya. Ita kuma an sallame ta da wuri, ta fito ta zauna a bencin ƙofar asibiti da matashinta a cinya, tana duban duk baƙar motar da ta shigo. A nan na same ta da azahar. Da ta ga ni ne ba kai ba, sai ta rungume matashin.

Jami'an hanya suka ce sun tarar da makullin motar a kashe, giya a furi, wato an cire ta daga giya. Ba mu gane ba sai da abokinka bakanike, wanda kuka taso tare, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce a tsohuwar motar itacen mahaifinka kuka koyi tuƙi ku biyu, kuma haka tsofaffin direbobi suke yi, in an hau kan gangare a kashe inji a bar mota ta gangara da kanta don a rage mai. Ya ce bai taɓa zaton kana yi da Giwa ba. Mota mai wannan nauyi, in inji ya mutu, birki taku ɗaya ko biyu ne sai ya ƙame, sitiyari ya yi tauri, ga kwana a gindin gada. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni har yau. Ya ce irin wannan mota, in ka ɗage ƙafa a gangare tana cikin giya, da kanta take tsayar da shan mai. Abin da kake ƙoƙarin ragewa bai kai cikin kofin shayi ba.

Na tambayi Yaya ko kana yin haka in tana ciki. Ta ce ko sau ɗaya ba ka taɓa ba. Wato ka san akwai hatsari, ka ware shi ka ajiye wa kanka, kamar yadda ka ware wa kanka zafi ka bar mata sanyi. Wannan ne ban iya yafe maka ba, shi ne kuma ban iya daina kuka a kansa ba.

Gaban Giwa ya tafi, amma tankin bai huje ba. Masu janwe suka zuƙe man a jarkoki suka kawo gida da amana. Suna nan jere a inda Giwa take kwana, a kan tabon tayoyinta.

Tun ranar Yaya ba ta koma asibiti ba. Ta ce ba za ta sake bin hanyar nan ba, ba za ta wuce gadar nan ba. Ƙafafunta sun fara kumbura, numfashinta yana yin sama in ta kwanta. 'Yarku ta yi roƙo har muryarta ta dushe. Likita ya kira ya ce abin ba ya jira. Jiya na durƙusa a gabanta na ce, "Yaya, ga mai nan, ya isa zuwa da dawowa har da saura. Motata ƙarama ce, amma zan bi a hankali."

Ta ce, "Man da ya mutu yana tattala mini, shi zan zuba a ƙona?"

Na ce, "In ba ki ƙona ba, a banza ya tattala."

Ta juya fuskarta bango. Ban san ko ta ji ni ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da 'yarku, da ƙannenka, da abokinka bakanike da ya kasa buɗe garejinsa, da dattijon nan na bakin hanya. Duk wanda ya san Yaya tana jin maganarsa, don Allah kada ya tsaya a gaisuwa, ya shiga ɗaki ya yi mata magana. Allah ya jiƙanka, Mijin Yaya, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sanyaya maka shi kamar yadda ka sanyaya wa 'yar uwata zama. Allah ya ba mu haƙurin da ba mu da shi.

Gobe ranar wankinta ce. Na zuba jarka ɗaya a motata, na duba iskar taya, na kwashe but, na sa matashinta a kujerar baya. Da safe zan tsaya a ƙofar gida in kunna sanyi in jira. Sarkin Gaggawa zai jira, Mijin Yaya, ko za a kai yamma. Ya Allah, ka sa ta fito.