Ciyawar Kabarin Umma

Maƙwabcina yana gyaran gida, tun safe injin yanka tayil ke kuka a kunnena, farar ƙurarsa tana shigowa ta taga. Kai ka ji ƙara ce kawai. Ni kuwa da na shaƙi ƙurar nan sai na tashi na rufe tagar. Ko a gidan biki na taka farin mabul, sai in ji kamar in ɗage ƙafa. Mutane na cewa ƙauyanci ne ya sa na bar ɗakina da siminti. Su yi ta faɗa.

A Guangzhou na yi wayo. Muna haya a Panyu, a wani bene da ko wanki ba ya bushewa saboda laima, Abbana kuma yana da shago a kasuwar Tianxiu, inda yake nuna wa 'yan kasuwar Kano samfurin tayil da mabul. A shekarar wasannin Olamfik, ban fi shekara goma sha ɗaya ba, ciwo ya kwantar da Ummata, kafin damina ta yi nisa Allah ya karɓi abarsa. Aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta bayan gari. Musulmin ƙasar suna gine kaburburansu da dutse da rubutu, nata kuwa tudun jar ƙasa ne irin namu. Wannan ya tsaya wa Abba a rai. Gani yake duk wanda ya wuce zai ce mai sayar da mabul ya bar matarsa a cikin taɓo.

Ana cikin haka kakana na wajen uwa ya iso daga ƙauyensu can gida. Dogo ne siriri, kullum da ɗan goro a kumatu, kuma ba ya kirana da komai sai amarya. Umma ce 'yarsa ta fari, don haka tunda nake ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, sai dai ya ce "ita yarinyar nan". Da aka kai shi kabarin bai yi hawaye ba. Ya tsuguna, ya dafa ƙasar, ya daɗe yana addu'a, sannan ya ce mini, "Amarya, ƙasar nan mai kyau ce, nan da 'yan kwanaki za ki ga ciyawa. Ciyawa tasbihi take yi, mai kwanciya yana samun sauƙi."

Tsakaninsa da Abba kunya ce ta surukai. Abba ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, gaisuwa ma a durƙushe. To ta yaya zai buɗe baki ya ce zai gine kabari? Sai ya bar zanen ginin a kan tebur, inda tsohon zai gani. Kaka ya ɗauka ya juya, ya ajiye, ya ce, "Matarka ce, Alhaji." Wanda duk ya san kara ya san wannan ba amincewa ba ce. Abba ma ya sani sarai.

A shekarar an matsa wa baƙi kan takardun zama, dole mu fita daga ƙasar na ɗan lokaci. Abba ya ce tunda fitar ta zama dole, a mayar da ita hutu, mu je Indiya, Kaka ya ga gine-ginen tsoffin sarakunan Musulmi. Iyakar abin da ya faɗa masa ke nan. Wai shi dabara, abin da bakinsa ya kasa faɗa, gini ya faɗa masa.

Ranar da za mu shiga Taj Mahal, a garin Agra, Kaka ya yi alwala, ya sa farar babbar rigarsa, ya shafa turare, don shi a zatonsa masallaci za mu. Gaskiya ɗaya ce, ginin ya yi kyau. Da muka ratsa babbar ƙofa ya bayyana fari tas, da hasumiyoyinsa, da dogon ruwa a gabansa, Kaka ya tsaya cak yana ta masha Allah. Ya shafa furannin da aka dasa a jikin dutsen da 'yan duwatsu masu launi, ya ɗaga kai yana bin ayoyin da ke bakin ƙofa da leɓɓansa. Abba yana baya yana murmushi, ya ga tarkonsa ya kusa kamawa.

Abin da ya fara ɗaure wa tsohon kai shi ne 'yar rigar da aka ba mu mu sa wa takalmi. Ya ce, "Amarya, wane irin masallaci ne ake yi wa takalmi hula a shiga da shi?" Ya cire nasa ya riƙe a hannu.

Ciki kuwa, wayyo! Duhu, zafi, tsamin gumi da warin ƙafa. Ana turereniya kamar bakin kasuwa. Wasu samari suna ƙwala ihu don su ji muryarsu ta dawo daga ƙubba, su kwashe da dariya. Mai gadi yana hura usur. Wani ɗan rakiya mai yi wa baƙi bayani ya manna tocila a jikin dutse yana kiran mutane su zo su ga yadda haske ke ratsa shi. Wata mata ta jingina da shingen da ke tsakiya tana tauna wani jan abu. Kaka ya waiga hagu da dama, ya tambaye ni ina liman ke tsayawa.

Abba ya matso, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ai kabari ne. Sarkin ne ya gina wa matarsa saboda son da yake mata. Dubi yadda duniya ke zuwa ganin ta."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Kaka ya dubi ƙafafunsa, ya dubi ƙafafun jama'a. Ɗan rakiyar ya ƙara da cewa ainihin kabarin yana ƙasa, ƙarƙashin inda muke tsaye, ni kuwa da rawar kai na fassara wa Kaka. Kaka ya yi wa matar sarkin sallama irin ta masu shiga maƙabarta, a hankali, shi kaɗai a duk ɗakin. Sai ya kama hannuna ya fita yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Ni ma na bi shi ina ɗaga tawa ƙafar, domin Umma na gani a ƙarƙashin takalman nan.

A waje maza da matansu suna ta ɗaukar hoto, kowa yana miƙa yatsu kamar ya tsunkuli kan ƙubbar. Kaka bai tofar da yawun da ya tara ba sai da muka fita harabar gaba ɗaya. Nan ya juya ya kalli Abba ido cikin ido, ya ambaci sunan Umma, cikakke, sunan da shi ya raɗa mata. Ya ce, "'Yata ce, Alhaji. Kada ka mayar mini da ita abin kallo. Ka bar ta da ƙasarta."

Abba ya durƙusa a gaban masu tallar hotuna, ya ce, "To, Baba."

To ɗin banza! Kaka yana komawa gida, magina suka shiga. Aka lulluɓe Umma da farin mabul daga kai har ƙafa, har da furanni a gefe. Ban musa cewa Abba yana son ta ba, na sha ganin sa riƙe da gyalenta. Amma ya ɗauki hoton kabarin ya kafa a shago, a tsakiyar samfura. Wata rana ina zaune, wani Alhaji mai ƙaton tumbi ya sa yatsa a kan hoton, yana sakace haƙori, ya ce, "Laoban, irin wannan farin nake so a banɗakina." Haka suke kiran mai shago a can. Na zuba wa Abba ido, ina jiran ko "meyo" ya ce, wato babu, kalmar da ke bakin kowa a kasuwar. Sai ya ce akwai. Tir! Daga ranar ban sake cin abinci a shagon nan ba.

Da kaka ta yi, Kakana ya kira waya daga ƙauye, ya ce a ba shi amarya. Bai tambayi karatu ba, bai tsokane ni ba. Ya ce, "Ciyawar ta fito?" Abba yana tsaye a kaina. Na ce, "Ciyawa ba ta fitowa a kan mabul, Kaka." Na daɗe ina jin numfashinsa, da kukan awaki a bayansa. Can ya ce, "Allah ya jiƙan ta." Har ya koma ga Allah bai sake kallon Abba a ido ba, bai kuma sake ambaton sunan ba.

Yanzu ko a Kano allunan ƙarfe sun cika maƙabartu, har an fara kewaye wasu da tayil, kowa yana son a san nasa. Kabarin Kaka kuwa damina biyu ta shafe shi, ko 'ya'yansa sai dai su nuna wajen da hannu.

Bara na koma Guangzhou saro kaya, na ɗauki mota na je wajen Umma. Ruwan garin ya yi aikinsa, mabul ɗin ya dafe, ya tsage ta wajen kai, kuma a cikin tsagar wata 'yar ciyawa ta fito, koriya shar. Mai kula da wurin, wani dattijo mai farar hula, ya taho da sauri yana ba ni haƙuri, ya sunkuya zai cire ta. Na riƙe masa hannu.